Rabon Mai Tabo

A rugarmu ta dajin Gir, in ɓaunar da muke kiwo ta mutu ba ma feɗe ta. Mukan ja ta bakin rafi, surukina Devayat ya hau dutse ya ƙwala kira, zaki ya zo ya ɗauki rabonsa. A gidan zaki muke kiwo, in ji tsohon, ba ma sha nono mu hana shi nama ba.

Sa'ad da aka kawo ni amarya, zakuna masu geza har faɗa suke yi a kan kiran nan. Turawa da 'ya'yan sarakuna suka yi ta kwashe kawunansu suna kafawa a bango, har ya rage saura ɗaya, Mai Tabo.

Da bazara wani Bature ya kafa tanti a ƙetaren rafi. Ya sha yawo da bindiga, ko sawu bai gani ba, sai fuska da ta yi jawur kamar barkono. Muna cikin yi masa dariya, ɓaunarmu Kali ta mutu wajen haihuwa.

Na ja mayafi na rufe fuska, na durƙusa gaban tsohon.

"Baba, don Allah a binne ta. Jan kunnen nan yana jin duk abin da muke yi."

"Binne nama? Ke 'yar nan, rana ta taɓa ki ne? Tun kakana ba a taɓa cin rabonsa ba."

"Ai gara ya kwana da yunwa, Baba."

"Ya kwana da yunwa a gidansa? To gobe da wane ido zan dube shi?"

Da la'asar ya hau dutse ya yi kira. Mai Tabo ya fito daga cikin ciyawa a hankali, ko waiwaye bai yi ba, don muryar da ya sani ce tun yana ɗan kwikwiyo. Ina tatsa na ji ƙarar bindiga, ƙwaryar ta suɓuce mini. Na tsani Baturen nan, kuma ranar har tsohon na tsana.

Baturen da yaransa suka yanke kan Mai Tabo, suka ɗaye fata, suka bar sauran kusa da Kali.

Da damina wata ɓauna ta mutu. Muka ja ta bakin rafi, don ba mu san wani abin da ake yi ba. Devayat ya hau dutse da ƙyar, ya yi ta kira har muryarsa ta dishe.

Karnuka ne suka zo.