Guntun Iccen da Afnan Ta Zaro

Sai da Malam Chaibou ya sauka daga jirgin ƙasa a tashar Part-Dieu sannan ya ji cewa ranar ɗaya ga watan Mayu, hutun ma'aikata, ko tram ɗaya, jirgin cikin gari, ba ya motsi a Lyon. Ya tsaya da 'yar jakarsa a hannu, waya tana ta kuka a aljihunsa. Hajiya Zouera ce, matarsa, karo na biyar ke nan tun fitowarsa daga gida a Sevran, cikin kewayen Paris.

"Ka gan ta?"

"Hajiya, yanzun nan na sauka."

"To saurara. Malam Ilya ya kira daga Damagaram. Ya buga ƙasa har sau uku. Ya ce aljanin icce ne ya kama ta, namiji, fari."

"Fari kuma?"

"To ba a ƙasarsu ya kama ta ba?"

Chaibou ya kashe wayar, ya nufi wurin masu taksi.

Hoto ne ya jawo duk wannan. Wata huɗu da suka wuce wata mai son a ji ta jefa shi cikin zauren waya na matan Nijar mazauna kewayen Paris: ga Afnan, 'yarsu tilo da ke karatu a jami'ar Bron a gefen Lyon, cikin farar riga har ƙasa, da kambin ganye a ka, ta rungume wata bishiya kamar ta ga 'yar'uwarta da ta dawo daga Makka. An ce ta shiga cikin wasu Turawa masu kiran kansu druide, wai suna raya al'adar kakanninsu ta neman shawara wurin itatuwa. Matan zauren, waɗanda kowacce na da malaminta na duba a gida, suka yi ta salati har kwana uku.

Kunya ta ishi Chaibou, ya kira yarinyar, ya ce in ba ta tuɓe wannan riga ba kada ƙafarta ta sake taka gidansa. Ya manta wurin wa ta gado taurin kai. Ta ce, "To, Baba," ta ajiye waya, tun daga ranar bai sake jin muryarta ba. Jiya kuma ta aiko wa uwarta saƙo: gobe ne bikin shigowar bazara, za ta zari guntun icce a dubarsu. In icce ya ce ta tafi, za ta bar karatu ta bi 'yan ƙungiyar zuwa wani daji a Bretagne, shekara guda. In ya ce ta koma gida, za ta koma.

Abin da ya fi ci masa rai, a ce icce ne zai raba shi da 'yarsa. Shi da ya yi shekara ashirin da bakwai yana hawan itatuwan Paris da igiya da zarto, yana sassabe rassansu. Ya san su da ido, ya san su da hannu, ya san su da hanci. Kuma a tsawon shekarun nan ko ɗaya daga cikinsu bai taɓa ce masa sannu ba. Duk hanya a jirgi yana ta shirya wa'azin da zai yi musu, har da ayoyi biyu da ya fassara wa kansa da Faransanci. Amma can ƙasan wa'azin tsoro ne kawai. Yana kewar yarinyar nan har abinci ba ya masa daɗi.

Mai taksi ya ajiye shi a bakin gandun shaƙatawa na Parilly. Bai sha wahalar nemansu ba. Mutum kamar goma sha biyar ne a ƙarƙashin wata babbar bishiya, duk da fararen riguna, kai ka ce asibiti aka sallama gaba ɗaya. Al'adar bikin ita ce a hura wuta biyu a bi ta tsakaninsu don a tsarkaka. To amma doka ta hana hura wuta a gandun, don haka fitilu biyu masu batir suka ajiye a kan ciyawa, kowacce an rufa mata jan ƙyalle. Suna bi ta tsakani ɗaya bayan ɗaya, ido a lumshe. Wata tsohuwa har da ɗaga gefen riga kada ta kama.

Afnan ce ta fara ganinsa. Ta rame, ko kuwa rigar ce ta yi mata yawa. Ta tako a hankali, ta ɗan rusuna.

"Ina wuni, Baba."

"Lafiya lau. Ya karatu?"

"Lafiya. Ya Maman?"

"Tana nan."

Ya buɗe baki zai ce ta ɗauko kayanta, sai ga shugaban ƙungiyar ya iso da hannu biyu a buɗe. Dogo ne mai farin gemu, sunansa Gérard, tsohon ma'aikacin kamfanin inshora da ya yi ritaya. Yanzu yana da wani sunan na daban wanda ko mabiyansa ba sa iya faɗa ba tare da tari ba.

"Mahaifin Afnan!" in ji shi da Faransanci, yana girgiza hannun Chaibou. "Itatuwa ne suka kawo ka! Ku 'yan Afirka ba ku yanke alaƙa da su ba kamar mu. Ina jin haka a tafin hannunka."

"Kanta ce," in ji Chaibou. "Ta zarto."

Gérard ya yi dariya mai daɗi, ya juya ya shaida wa jama'a cewa baƙon yana magana cikin hikima. Kafin Chaibou ya ankara an ja shi tsakiyar da'ira, an ɗora masa wata jakar fata a hannu. Wai girmamawa ce: dattijon da ya zo daga nesa shi ke riƙe jakar duba.

Gérard ya yi masa bayani. Guntayen icce ashirin ne a ciki, kowanne tsawon yatsa, kowanne an yanko shi daga irin bishiyarsa, an ƙona masa alamarsa a jiki. Mai tambaya zai rufe ido ya sa hannu ya zaro ɗaya, bishiyar da ta fito ita ce ta amsa masa. Ya ce wani gwani ne ya tattaro su daga dazuzzuka ashirin, kowanne a daidai lokacinsa na wata.

Chaibou bai yi niyyar taɓawa ba. Hannunsa ne ya shiga da kansa, don hannun ma'aikaci ba ya jin icce kusa ya ƙyale. Ya zaro ɗaya ya murza, ya kai hanci. Ya zaro wani. Ya zaro na uku, na huɗu, na biyar.

"Wannan na wace bishiya ne?" ya tambaya.

Gérard ya duba alamar. "Tuffa. Soyayya."

"Wannan fa?"

"Bouleau, mai farin ɓawo. Sabuwar tafiya."

Chaibou ya mayar da su cikin jaka, zuciyarsa fari ƙal. Duk icce ɗaya ne. Sapin ne, irin wanda ake yin akwatin tumatir da shi, injin ɗaya ya yanka su ya goge su sumul. Dazuzzuka ashirin! Wa'azi ma ya zama ba dole ba. Zai bari ne sai an yi shiru, ya zazzage jakar a kan ciyawa, ya ce wa yarinyar ta sansana da kanta. Ya gyara tsayuwa, har yana jin tausayin Gérard kaɗan.

Aka buga wata 'yar ganga. Aka gaishe da gabas, aka gaishe da kudu, aka gaishe da yamma da arewa, babu wadda ta amsa. Wani mai gilashi ya fara zara, yana tambaya ko ya sayar da motarsa. Icce ya ce masa ya saurari zuciyarsa, ya koma wurinsa yana share hawaye. Sai aka kira Afnan.

Ta tsaya gaban ubanta, ba ta dube shi ba. Ta faɗi tambayarta da ƙarfi: ta tafi, ko ta koma gida? Ta rufe ido ta sa hannu cikin jakar. Chaibou ya cika ƙirjinsa da iska. Yanzu ne lokacin. Amma yana jin yatsunta ta cikin fatar jakar suna yawo a kan tafinsa, sai ya bari ta gama tukuna. Ta daɗe tana lalube. Ta daɗe har tsohuwar nan ta yi gyaran murya. Sannan ta zaro, ta miƙa wa Gérard.

Gérard ya ɗaga guntun sama, fuskarsa ta ɗan faɗi, don ya riga ya sa sunanta cikin masu dafa abinci a Bretagne.

"Chêne," ya ce. "Sarkin itatuwa. Saiwa mai zurfi, da ƙofar gida. 'Yata, bishiya ta ce ki koma inda kika fito."

Jama'a suka yi wani dogon nishi na gamsuwa. Chaibou kuwa ya tsaya da baki a buɗe kamar wanda aka ƙwace wa loma. Ya taso tun daga Paris don ya rushe duba, ga duba ya yanke hukunci a gefensa. In ya zazzage jakar ya tona asiri, hukuncin ya tashi, yarinyar kuma ta ce to ba a amsa mata ba, ta bi su. In ya yi shiru, ya karɓi 'yarsa daga hannun boka ke nan, shi da yake sahun gaba a masallacin unguwa. Gumi ya karyo masa a ƙarƙashin hula. Ya yi istigfari a zuci, bai ma san na wanne laifin ba ne, wanda ya yi ko wanda zai yi.

"Karɓi, uba," in ji Gérard, ya sa masa guntun a hannu. "Kai ne ƙofar."

Nauyin ne ya fara ba shi mamaki. Wannan ba ɗan'uwan sauran ba ne. Ya murza shi, ya kai hanci: chêne ne na gaskiya, ɗanye, bai fi mako guda da yankewa ba. An bar masa ɗan siririn ɓawo a gefe guda. Alamar da ke jikinsa ba ƙonawa aka yi ba, da wuƙa aka zana. Ya juya bakin yankan, sai ya ƙura masa ido. Yanka ne a karkace, sara ɗaya, da ɗan murɗi a ƙarshe don kada ɓawo ya yage. Mutum biyu ne kawai ya sani masu yanka reshe haka. Shi, da yarinyar da ya koya wa.

Ranakun Lahadi ne suka dawo masa, a dajin Poudrerie da ke bayan Sevran, tana 'yar shekara bakwai. Yakan rufe mata ido da hularsa ya sa mata reshe a hannu, ta murza ta faɗi sunansa. In ta ci, ya saya mata alewa. Kafin ta kai goma ya daina wasan, don alewar ta fara ɓata mata haƙora.

Ya ɗaga kai. Afnan tana kallon takalminta.

"Faɗa mana wani abu," in ji Gérard, jama'a suka matso. "Me hikimar ƙasarku ta ce game da wannan?"

Chaibou ya dubi jakar, ya dubi fitilun batir, ya dubi fuskokin nan goma sha biyar masu jiran ya zubo musu Afirka. Ayoyinsa biyu suna nan a shirye. Ya ɗaga guntun.

"Wannan dai," ya ce, "chêne ne."

Tsohuwar nan ta dafe ƙirji. Mai gilashi ya ciro takarda ya rubuta.

A jirgin yamma mai komawa Paris suka zauna kusa da juna, farar rigar tana naɗe cikin leda a ƙarƙashin kujera. Jirgin ya wuce gonaki masu yawa. Sai waya ta yi kuka.

"Tana tare da ni," in ji Chaibou.

Guɗar Hajiya Zouera sai da ta sa wani Bature a kujerar gaba ya waiwayo. "Ban gaya maka ba? Malam Ilya ya ce yau ɗin nan aljanin zai sake ta! Bari in kira shi. Aikin malamin nan, wallahi, sai dai a bar shi."

Ya mayar da wayar aljihu. Hannunsa ya ci karo da guntun iccen, wanda ya manta bai mayar wa Gérard ba, ko kuwa bai manta ba. Ya fito da shi ya ajiye a kan ɗan teburin da ke tsakaninsu.

"Guntun chêne nasu na asali ina ya shiga?"

"Ya ɓata," in ji Afnan, tana kallon taga. "Ni aka sa in samo wani."

"Da kansa ya ɓata?"

Ya ga bakinta yana rawa, bai san ko dariya ce ke zuwa ko kuka ba. Yana so ya ce mata maganar da ya yi wata huɗu da suka wuce ba daga zuciyarsa ta fito ba, amma bai taɓa koyon yadda ake faɗin irin wannan ba. Sai ya ɗauki guntun ya juya shi a haske, kamar mai duba aikin sabon ma'aikaci.

"Yankan ya yi kyau," ya ce. "Amma kin bar ɓawo a gefe. Ba haka na koya miki ba."

Afnan ta juyo ta dube shi, karo na farko tun gaisuwarsu.

"Baba, in na cire ɓawon, da me zan gane shi cikin jaka?"

Ya gyaɗa kai a hankali, ya mayar da guntun aljihun gaba, inda carbinsa yake.