Ranar da Mahmudu Bai Hau Dutse Ba

A kan dutsen da ke kallon Harami akwai wata igwa da mutanen Makka ke jira kowace yamma a watan azumi. Sai ta tashi ake kai dabino baki. Rundunar da ke riƙe da ita ta girmi duk wanda ke cikinta: ta yi wa Turkawa aiki, ta yi wa Sharifi, ga ta yanzu a hannun sarki. Kaki ya sake sau uku, tsarin aiki bai sake ba. Mutum huɗu ne a kan igwa, da shawish, wato sajansu, a bayansu. Ɗaya ya wanke cikinta da jiƙaƙƙen tsumma, ɗaya ya zuba albarushi, ɗaya ya danna, na huɗu ya sa wuta. Kiran salla ba ya isowa can sama, saboda haka idan rana ta faɗi ana ɗaga jar tuta a hasumiya. A dokar rundunar, mai sa wuta shi ne mai duban tuta, don in an yi kuskure a san wuyan da azumin gari zai hau.

Shekara goma sha tara Tsoho ne mai sa wuta. Iyayensa Kanawa ne da suka zo hajji a ƙafa, ba su koma ba. Azumi biyu da suka wuce yanar ido ta fara rufe masa gani, har hasumiya ta zame masa wani dogon farin abu. Bai gaya wa kowa ba, ko matarsa Ummulkhairi. Amma ya lura cewa Mahmudu mai wankin igwar, abokinsa tun suna yara a unguwar Misfala, yakan tsaya riƙe da bokiti har tuta ta tashi, sannan ya dire shi a kan dutse da ƙarfi. Da jin ƙarar sai Tsoho ya kai wuta. Ba su taɓa yin maganar ba. Yakan gaya wa kansa ai an ga tuta, ko da idon wa. Yana saukowa kuma sai zuciyarsa ta tambaye shi, to me ya hana shi faɗa?

Ranar sha bakwai ga wata zazzaɓi ya kwantar da Mahmudu. Aka kawo Rabe, wani magidanci da ya yi aikin igwa a Jidda. Rabe ya yi wankinsa tsaf, yana gamawa ya dire bokiti.

Hannun Tsoho ya tafi da kansa. Saura kaɗan wuta ta taɓa, ya ji zafin rana har yanzu a ƙeyarsa, ya janye. 

Ya san zai iya kintata. Ya san sanyin da ke taɓa fata idan rana ta faɗi, wataƙila ya dace, gobe Mahmudu ya warke, shi ke nan. Amma ya tuna 'yan garuwa da suka wuni da tulu a kafaɗa ba su kurɓa ba. In ya yi gaggawa ya zubar musu da wuninsu, su kuwa ba za su taɓa sani ba. Wannan rashin sanin nasu ne ya fi yi masa nauyi.

"Rabe, ɗan'uwa," ya ce, yadda shawish zai ji, "duba mini hasumiya. Ba na gani."

Rabe ya juya ya kafa wa hasumiya ido. Can ya ce tuta ta tashi, Tsoho ya kai wuta, igwa ta amsa, gari ya ɗauki hayaniya daga ƙasa.

Shawish Abdulganiyyu ya raba dabino, ya sa na Tsoho a tafinsa, ya riƙe hannun ya ɗan jima. Ya gaya masa a hankali cewa doka ce, gobe zai miƙa sandar wuta. Tsoho ya ce ya sani.

Bayan magariba ya wuce gidan Mahmudu, ya same shi a tabarma yana rawar ɗari.

"Na ji ta tashi daidai," in ji Mahmudu. "Wa ya dire maka bokiti, Yaya?"

"Ashe da gangan kake yi."

"Azumi biyu hannuna yana sagewa. Ka zaci ƙaunar bokiti nake?"

Tsoho ya yi dariya har ya share ido. Ya tambaye shi ko laifi suka yi wa mutane duk tsawon lokacin nan. Mahmudu ya ce shi dai bai taɓa direwa kafin tuta ba, sauran a tambayi malaman Harami, yanzu a miƙo masa ruwa.

Da ya gaya wa Ummulkhairi, ba ta yi mamaki ba. Ta tambaye shi ko bai lura ba, tun bara ta daina barin turmi a hanyar ƙofa.

Washegari da yamma suka hau soro tare, suka zauna. Rabonsa da jin igwar daga cikin gari tun kafin ya shiga runduna. Da ta tashi sai ya zabura kamar baƙo. Ummulkhairi ta kamo hannunsa, ta sa masa dabino.