Aiki a Tsaye

Ranar da aka kwashe bencunan zama daga ɗakin naɗe sabulu, Goggo ce ta riƙe wa masu ɗauka ƙofa. Ita ce shugabar mata a masana'antar, kuma sabon manaja, ɗan marigayi mai wurin, ya ce zama ke kawo hira, hira kuma ta cinye aiki.

A faɗi gaskiya, yaron ba mugu ba ne. Albashi ba ya latti, inji ba ya tsayawa, ko tsintsiya ta san ma'ajiyarta. Sai dai ubansa in ya shigo fuskoki yake dubawa, shi kuwa kwalaye.

Abin da ya hana Goggo sukuni shi ne surukarta, matar autanta, da ke tsaye a layin naɗi da tsohon ciki ƙunshe cikin ƙaton mayafi. Autan ya daɗe ba aikin yi, hannun yarinyar nan ke ciyar da gidan. Kullum Goggo sai ta nufi ofis, sai ta tuna raɗe-raɗin da ake yi cewa mai ciki hutu ake ba ta, hutun da ba dawowa. Sai ta juyo, tana jin haushin kanta.

Ran nan da azahar yarinyar ta kife bokiti ta ɗosana. Goggo ta hango manaja yana tahowa, ta matso kusa da ita.

"Tashi, 'yar nan. Daure, an kusa tashi."

Yarinyar ta miƙe. Ina za ta iya buɗe baki ta gaya wa uwar miji tun safe mararta ke murɗawa? Kunya ta hana.

* * *

Da ta yanke jiki ta faɗi, manaja bai yi wasa ba. Motarsa ya bayar, ya kira likita, ya sa wata a gurbinta, aiki bai tsaya ba. A asibiti uwar ta tsira, ɗan bai zo da rai ba.

Washegari ya tare Goggo a bakin ƙofa, idonsa jajur.

"Goggo, me ya sa ba wanda ya gaya mini?"

Har ga Allah yake tambaya. Ta dube shi, ta wuce ciki.

A ƙarƙashin teburin naɗi ta ga silifas ɗin surukarta, waɗanda ta tuɓe jiya don ƙafafun sun kumbura. Sabuwar ma'aikaciyar ta sa ƙafa ta ture su gefe, ta gyara tsayuwa.