Keji Na Sha Huɗu

A gida Mai Ɓeraye ake kiranta, har a bakin 'ya'yan ƙannenta, domin shekara tara ke nan tana kiwon fararen ɓeraye a ɗakin bincike. Maganin cutar kansa yana ƙona ƙwan haihuwar mace, su kuma suna gwada wata allura ko za ta kare shi. A kan ɓeraye kawai. Mutane kam tukuna, in ji Farfesa shugaban ɗakin, sai nan da shekaru.

Sai ga kansar ta faɗo kan autarsu, wata bakwai da aure. Likita ya sa ranar fara ƙarin ruwan maganin, Auta ta ce atafau.

"Yaya, in rayu ba haihuwa? Ku bar ni haka."

An yi lallashi, an yi faɗa, mijin har da kuka. Ƙullutun kansar kuwa bai tsaya jiran kowa ba. Likita ya ce kada a wuce Laraba.

Ranar Talata da safe Mai Ɓeraye ta jiyo ɗan siririn kuka daga keji na sha huɗu. Macen ɓeran da aka yi wa maganin kansa haɗe da allurar ta haihu, ita ce ta farko! Dokar ɗakin ba wanda bai sani ba: kwana uku ba a buɗe kejin mai jego, in ba haka ba ta firgita ta cinye 'ya'yan. Ita da bakinta take koya wa sababbin ma'aikata. Amma 'ya'yan suna ƙarƙashin auduga, ba a ganinsu, ga Laraba gobe.

Ta buɗe. Ko safar hannu ba ta tsaya sawa ba, ta yaye audugar da yatsa. Guda shida, jajaye, kowanne bai kai kan ɗan yatsa ba. Ta ɗauki hoto, hasken waya ya dalle su.

"Kin gani?" ta ce wa Auta da rana. "Irin maganinki aka yi mata. Shida ta zubo!"

Zancen allurar kuwa haɗiye shi ta yi. Auta ta daɗe tana kallon hoton, sannan ta ce, "To, a sa min."

Ranar Alhamis ba kuka a kejin. Sai jini a auduga, uwar na gefe tana lasar ƙafa. Farfesa ya dafe kai, aikin wata goma sha ɗaya ke nan. "Haihuwar fari ce, yakan faru," ya ce, ya rubuta sifili. Mai Ɓeraye ta ɓoye masa cewa ta buɗe kejin, kunya da tsoro kamar su kashe ta.

Wayarta ta yi ƙara. Auta ce, murya a dushe saboda amai.

"Yaya, ina 'ya'yana? Sun ƙara girma? Turo min, wallahi su nake kallo in ana sa ruwan nan."

"Yanzu kuwa," ta ce.

Ta shiga ɗakin gaba, inda lafiyayyun ɓerayen da ba su taɓa ganin magani ba suke ta haihuwa. Ta sami keji mai 'ya'ya bakwai 'yan kwana huɗu. Ta sa safar hannu, ta ture ɗaya gefe, ta ɗaga wayar.