Sunayen da Ke Ɓacewa da Safe

Kwamfuta biyu ne muke kula da su a ɗakinmu mai sanyi, can bayan asibiti. Babbar ita ke ɗauke da aikin kowa, daga likita har mai ba da magani. Da muka ga adana bayanai da haɗa rahoto suna sa ta nishi, sai muka rage mata kaya. Kowace safiya a ɗauki hoton duk abin da ke cikinta a ɗora wa ƙaramar, can a yi wannan aikin. Gobe sabon hoto ya shafe na jiya.

Ran nan da rana Inna mai kati ta leƙo, jakarta a hammata. Tun kafin a haife ni take rubuta sunayen jarirai a asibitin.

"Sarkin yawo, yau an same ka a zaune? Sallama na zo yi maka. Zan ajiye aiki."

"Haba Inna, wa ya taɓa ki?"

"Kaina ne, ɗana." Ta rage murya. "In shigar da sunaye, gari ya waye babu ko ɗaya. Sai in rantse na rubuta. Haka mahaifiyata ta fara, da rantsuwa. Daga baya ko ni ba ta ganewa."

Na bi ta ofishinta, na ce ta nuna mini yadda take yi. Daga allon teburinta ana iya shiga kowacce cikin biyun. Ta danna ko dubawa ba ta yi ba. Ƙaramar ce ta buɗe.

"Wannan ta fi sauri," in ji ta. "Waccan sai ka shanye shayinka ba ta farka ba."

Fuskarsu ɗaya, ba wanda ya taɓa gaya mata bambancin.

"Inna, a kan hoto kike rubutu. Kullum da safe ake shafe shi. Kanki lafiya lau."

Ta daɗe tana kallona. "Lallashina kake yi. Mu ma haka muka riƙa gaya mata."

Muka zauna muka kwashe sunayen ranar zuwa babbar, tana karantawa ina bugawa.

Washegari ta riga ni zuwa. Na same ta a tsaye, hannu a kan tebur, babbar tana ta jan ƙafa. Na zauna a kujerarta muna jira. Da ta buɗe, Inna ta bi sunayen da yatsa har ƙasa, ta sake komawa sama.

Sannan ta cire jakar daga hammata, ta tura ƙarƙashin tebur.

"Tashi mini daga kujera," ta ce. "An haihu da asuba."