Wutar Wankan Jego

Ruwan da aka kwana ana yi ya cinye wutar gidan Hindu tas. Da gari ya waye ta tona tokar murhu da hannu har ƙasa, ko ɗumi babu. Ashana ta jiƙe ta zama kamar tuwo, kantin ƙauyen kuma ba shi da ita tun da aka rufe hanyar Abu Na'ama. Ga 'yarta Sabah a ɗaka da jaririya, jego ɗanye, ga tukunyar wanka cike da ruwan sanyi. A wurin Hindu, mai jego ta rasa wankan safe ba ƙaramar magana ba ce. Sanyi ne zai shiga jikin yarinya ya zauna, har tsufa tana fama da shi.

Maganin abin yana nan bayan danga. Hayaƙi na tashi daga gidan Aishatu, a natse, kamar da gayya. Ɗebo wuta a maƙwabta ba abin kunya ba ne, kowace mace tana yi. Sai dai Hindu da Aishatu ba sa ga maciji tun bara, da awakin Aishatu suka cinye mata kuɓewa, aka gaya wa juna baƙaƙen maganganu. Ko barkar haihuwa Aishatu ba ta shigo ba.

Sai Hindu ta tuna da wani abu da ɗanta Khalid ya bari kafin ya koma haƙar zinariya. Ya ce yana ba da wuta ko da ya kwana a ruwa. Har ya gwada mata, amma tana tsintar wake a lokacin, ba ta ɗaga kai ba. Ta zazzage jakarsa ta samo shi: baƙin ƙarfe ne kamar yatsa, da wani siririn faifan ƙarfe, an ɗaure su da igiya ɗaya. Ta juya shi, ta shinshina, ta nemi wurin dannawa ta rasa.

"Alhaji, dubo min wanga abu," ta ce da mijinta. "Ta ina wutar ka hita?"

Alhaji Salih ya karɓa, fuskarsa ta washe. "Ai ƙyastu ne! Kakana da irin shi ya zo daga Sakkwato. Samo min dutsen ƙanƙara."

Ƙanƙara, a ƙasar da duk inda ka taka baƙar laka ce? Suka rasa ko tsakuwa, sai dutsen niƙa. Hindu ta farke matashi ta ciro auduga, Alhaji ya durƙusa ya yi bisimilla, ya shiga buga ƙarfen a kan dutse, ƙwas, ƙwas, kamar mai fasa goriba. Ba wuta, ba alamarta. Ya juya ɗaya kan ya buga. Ya buga faifan. Ya haɗa su biyun ya buga.

"Na kakanka ma haka shika yi?"

"Na kakana baki gare shi lanƙwasasshe. Wanga na zamani ne, ƙila sai an yi mishi caji."

Daga ɗaka Sabah ta ɗago murya, ta kira uwarta. "Yumma, halas, ya isa haka, ku bari. Ko da ruwan sanyi sai in yi wankan."

"Rufa min baki! Na sanyi a gidana?"

Alhaji ya buge yatsa, ya miƙe yana tsotsa, ya ce bari ya je masallaci ya tambayi mutane. Hindu ta san tafiyar ke nan.

Ta zauna ita kaɗai, abin duniya ya ishe ta. Rana na hawa, jaririya ta fara kuka. Ta dubi hayaƙin Aishatu, ta ɗauki kasko, ta kai bakin ƙofa, ta dawo ta ajiye. Ta rasa wanda take jin haushi, Khalid ne, ko Alhaji, ko awakin bara.

Da ta sake ɗaukar ƙarfen, sai ta ga inda dutse ya goge shi ya yi fari. Au, ashe baƙin nan ɓawo ne? Wataƙila wutar tana ciki, sai an fere shi kamar rogo. Ta jawo wuƙa ta kankara da ƙarfi. Tartsatsi ya watso kamar an zuba gishiri a wuta. Ta yi salati ta yar da wuƙar. Kafin ta gane me ta yi, audugar da ke gaban ƙafarta ta kama.

Ta ɗora ɓawon kara, ta kare da tafin hannu. Wuta ce, tata ta kanta, ba ta roƙi kowa ba.

"Salamu alaikum."

Aishatu ce tsaye a ƙofa, da garwashi ja wur a kasko, idonta a ƙasa. Tukunyar wanka ta tare mata murhun, ba ta ga komai ba.

"Tun ɗazu nike duba," ta ce, "ban ga hayaƙi ba. Na ce gidan mai jego ne."

Hindu ta dubi kaskon, ta dubi 'yar wutar da ta sha wahala a kanta. Baki ya buɗe zai ce tana da tata. Ita kanta ba ta san yadda aka yi ba, sai ta ji ƙafarta ta sauka a kan audugar, ta murje ta cikin jiƙaƙƙiyar toka. Zafin ya ratsa ta har ƙwaƙwalwa, ƙwalla ta cika mata ido.

"Shigo," ta ce. "Tun asuba nike fama, ta ƙi kamawa."