Kwanukan Malama Huɗu

Tun a filin jirgi Maigida ya sa wa kwanukan nan ido. Samira ce guda huɗu masu murfi, farare da zanen jan fure, irin waɗanda ake jera ƙarami a cikin babba, kuma mahaifiyar Malama ce ta ba ta su. Da aka ɗora akwatinta a sikeli aka ce ya yi nauyi, sai ta buɗe ta zaro bargo da takalma ƙafa biyu ta miƙa wa ƙanwarta. Kwanukan kuwa ko kallonsu ba ta yi ba.

"Malama," in ji mijin, "inda za mu fa, na ji labarin suna da kwano."

"Suna da nasu," ta ce, ta ja zif.

Wata tara ke nan da zuwansu wani babban birni a ƙasar waje. Shi yana tuƙa jirgin ƙasa na ƙarƙashin gari, ita kuwa, da take koyar da 'yan aji uku a gida har sunan Malama ya bi ta, tana zaune jiran takardun aiki. Gidansu yana hawa na huɗu a wani dogon gini, ƙofofi duk launi ɗaya, fitilar baranda kuma mai rowa ce, kana cikin neman makulli za ta mutu ta bar ka. A wata taran nan mutum ɗaya tak ya taɓa ƙwanƙwasa mata ƙofa, shi ma mai kawo saƙo ne ya yi ɓatan lamba. In ta gaida mutane a lif, na'urar hawa bene, sai su ɗan motsa leɓe su koma kallon lambobi, sai ka ce an ba su aikin gadinsu. Abin yana cin ta ƙwarai, ita da a gida ba ta iya gama tankaɗe ba tare da an yi sallama sau uku ba.

Saboda haka da Kirsimeti ta matso, tituna suka cika da ƙananan fitilu da mutane masu sauri riƙe da ledoji, Malama ta shirya dabararta. A gida, ranar Kirsimeti, ana zuba abinci a kai wa maƙwabta, kuma kowa ya san kwano ba ya kwana biyu a gidan mutane. Za a wanke shi, a ɗan sa wani abu a ciki, a kawo. Mai kawowa zai ƙwanƙwasa, za a ce ya shigo, za a ba shi kujera. Kwano huɗu, baƙi huɗu ke nan. Ita dai abin da take so ke nan a duniya: a buga mata ƙofa da niyya, ba da kuskure ba.

Ta dafa shinkafa da miyar kaza, ta rage barkono har sai da ranta ya sosu. Tana rufe kwanukan Maigida ya leƙo kicin, yana ɗaura maɓallin rigar aiki, don jirgi bai san hutu ba.

"Haka za ki kai su tsirara? Mutanen nan a wannan lokaci ko cokali za su ba ka sai sun ɗaura masa jan ƙyalle. Ni na san su, kullum ina ɗaukarsu."

Ya ɗauko jan zare mai sheƙi ya ɗaure kowane kwano da kansa, har da yi masa kunnuwa biyu a sama. Ya ja baya yana yaba aikinsa. A riƙe wannan, don daga baya ya so ya musa.

Babban kwanon ta kai wa mai kula da ginin a ƙasa. Na biyu ta kai wa wasu miji da mata da kullum suke jan keke cikin lif. Na uku ta kai wa wani dogo a hawa na uku mai wani kare gajere kamar matashin kai. Ƙaramin, mai ɗan lotsawa a gefe tun ranar da ta faɗi da shi tana 'yar shekara bakwai, ta kai wa tsohuwar da ke ƙofar da ke kallon tasu, wadda ba ta taɓa gani ba sai a bayan sanda. Kowa ya karɓa da mamaki da godiya. Malama ta dawo ta share falo, ta jera kofuna, ta sa atamfarta mai kyau ta zauna.

Ranar ba wanda ya zo. Ta ce ai biki ake, sai gobe.

Washegari da hantsi ta ji motsi a ƙofa, ta miƙe har tana tuntuɓe da tabarma. Ba kowa. An dai turo kati ta ƙarƙashin ƙofa, mai hoton kyandir. Kafin yamma sun zama uku. Da yake Maigida ya fi ta jin yaren garin, shi ya karanta, ya gyara murya kamar mai karanta labarai.

"Masu keke sun ce abinci ya yi daɗi, kwanon kuma, ba su taɓa samun kyauta mai kyansa ba."

"Kyauta?"

"Haka suka rubuta. Mai kare ya ce zai riƙa tunawa da ke kullum in ya gan shi. Mai kula da gini ya ce irin wannan ƙarfen yanzu ba a yin sa."

Malama ta zauna a hannun kujera. "Abincin ne kyauta. Wa ya ce musu har da kwanon?"

"To, ni dai ban sani ba."

"Kai ka ɗaura musu jan zare."

"Ni shawara na bayar, Malama. Ke kika ɗauka kika kai."

Kwana biyu bayan haka ta fara ganin kwanukanta a sabuwar rayuwarsu. Tana dawowa daga kanti ta ɗaga kai, sai ga na biyun a tagar masu keke, an cika shi da ƙasa an dasa wani ganye. Babban yana kan teburin mai kula da gini, cike da ƙusoshi da tsofaffin makullai, har ya ɗaga mata shi yana murmushi don ta ga ana amfani da shi. Na ukun ba za a so a faɗa ba, amma tunda an fara: ƙofar dogon nan tana buɗe ta wuce, ta ga gajeren karen ya tsoma baki a ciki yana shan ruwa, jela na kaɗawa. Ta hau sauran matakalar tana salati irin na kakarta.

"Ki je ki ce su ba ki mana," in ji Maigida, yana danne dariya da kofin shayi.

"In je in ce a ba ni kwanona? Ni? A ce wace ce ta haife ni?"

"To ni in je."

"Ka je, ka ƙarasa abin da ka fara."

Bai je ba. Da mahaifiyarta ta kira a waya ta bidiyo tana tambaya, "To, me maƙwabtan naki suka sako miki a ciki?" sai Malama ta juya wayar ta bar kantar da babu komai a kai, ta ce, "Mama, mutanen kirki ne, har rubuto mini suka yi." Ba ta yi ƙarya ba, amma da ta ajiye wayar sai da ta shiga banɗaki ta wanke fuska.

Tsohuwar ce kaɗai ba ta aiko da kati ba, kuma ita ta fi ba ta haushi. Sau biyu Malama tana fitowa ta ga ƙofar tsohuwar a ɗan buɗe, da ido ɗaya a tsagar, suna haɗa ido sai a rufe a hankali. Wato ga cin abinci, ga riƙe kwano, ga ɓuya. Sauran ukun ta sallama su, amma ƙaramin nan mai lotsawa, shi ne wanda take ɗauka a ka tana yarinya ta zaga unguwa da shi. Ana gobe sabuwar shekara, da safe, ta ɗaura ɗankwali ta ajiye kunyar a gefe ta tsallaka baranda.

An daɗe kafin a buɗe. Tsohuwar 'yar ƙarama ce, tana dogare da sanda. Da ta yi magana sai Malama ta gane ita ma yaren garin aro ta yi, tana jan sa kamar yadda ita take ja. Ashe baƙuwa ce, ta dai riga ta zuwa da shekara arba'in.

"Kin zo karɓar kwano," in ji tsohuwar. Ba tambaya ba ce.

"A'a, Iya, gaishe ki na zo yi."

"Kin zo karɓar kwano. Shigo."

Yana kan tebur, an wanke shi har yana ɗaukar ido, an lulluɓe da farin ƙyalle mai saƙa. Tsohuwar ta nuna mata murhu da sanda. An ɗora masa katako a kai, an jera magunguna. Ta ce ɗanta ne ya sa aka yanke gas ɗin bara, bayan ta manta tukunya a wuta. Yanzu abinci a roba ake kawo mata, ta ɗumama a na'ura.

"A ƙauyenmu," ta ce, "ba a mayar da kwano babu komai. Uwata za ta tashi daga kabari ta mare ni. Na sa biskit na kanti, na cire. Mace ta tsaya ta yi miki girki, ki mayar mata da biskit? Kwana shida ina kallonsa yana kallona. In na ji tafiyarki sai kunya ta kama ni."

Malama ta fara dariya, sai ga hawaye. Kwana shida tana zagin matar nan a zuci, ashe ita kaɗai ce a ginin nan ta san abin da kwano yake nufi.

"Iya," ta ce tana share ido da bakin ɗankwali, "murhuna yana aiki."

Ai kuwa ta jawo wa kanta. Tsohuwar tana shiga kicin ɗin Malama ta zama mai gida. Ta ce wuƙar ba ta da kaifi, kaskon ya yi sirara, fulawar ba a tankaɗe ta da kyau ba. Ta zauna a kujera tana ba da umarni da sanda, Malama tana kwaɓa fulawa da ƙwai da madara, ta murza, a ce ta sake. Maigida ya dawo daga aikin safe ko hula bai cire ba aka tura shi sayo tuffa, ya kawo, aka ce ba irin wannan ba, ya koma. Da ya dawo karo na biyu ya raɗa wa matarsa, "Wannan ko shugabanmu na tasha bai kai ta ba."

Da aka soya 'yan wainar fulawar da tuffa a ciki, gidan ya cika da ƙamshi, tsohuwar ta ce a miƙo mata kwanon. Da hannunta ta jera su ɗaya bayan ɗaya, ta barbaɗa sukari, ta rufe. Malama ta miƙa hannu za ta karɓa, aka buge hannun.

"Ba haka ake yi ba."

Ta rungume kwanon a ƙirji, ta dogara sanda, ta taka a hankali har ta fita baranda. Ta juyo ta ce, "Rufe."

Malama ta rufe ƙofar. Suka tsaya ita da mijin a falo suna kallon katako. Can sai suka ji ƙwas, ƙwas, ƙwas, da kan sanda.

Maigida ya taka zai buɗe, Malama ta riƙe masa hannun riga.

"Tsaya," ta ce a hankali. "Bari ta ƙara."